Dan Allah a duba min wannan kwabon Rasha, kamar akwai wani hoton a ƙarƙashinsa

Ɗalibin Kazan: Assalamu alaikum mutanen gida. Dan Allah masu ido a kan tsofaffin kuɗi ku taimaka min. Ranar Lahadi na shiga kasuwar 'yan tsofaffin kaya a nan garin Kazan na Rasha, wani dattijo ya baza tsabobi a kan kwali, na ɗauki wani kwabon jan ƙarfe kobek 2 na shekarar 1763, gefe ɗaya mutum ne kan doki yana soke wani dodo da mashi, a ƙarƙashin dokin akwai haruffa ММ, ɗaya gefen kuma harafin sunan sarauniya Katarina ne da kambi a sama. Sai da na dawo ɗaki na haska shi sosai na ga abin duk a cakuɗe, akwai taurari guda uku a inda bai kamata su kasance ba, ga wani abu kamar ganga a kwance a karkace, ga guntayen haruffa suna ratsa ganyen da ya zagaye kambin. Ga hotuna nan na sa gaba da baya. Jabu aka sayar min ko me?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka yi haƙuri amma an yi maka sakiyar da ba ruwa, kuɗin gwamnati ai ba ya fitowa a haka, wannan wani ne ya zuba shi a bayan gida.

Ɗan Kurmi: A'a Baban Walid kar ka yanke hukunci da wuri. Shekarata nawa ina taɓa tsofaffin kaya, wanda aka narka aka zuba a kasko fuskarsa tana da ƙananan ramuka kamar ƙurajen zufa, kuma za ka ga layin haɗi a bakinsa. Wannan bugu ne na gaske. Ni dai ina ga injin ne ya sare shi sau biyu, kwabon ya ɗan goce kafin sara na biyu ya sauka, ana samun haka ko a sulallan Ingila na da.

Maman Iklima: Ni fa ban san komai a nan ba sai kallo, amma Malam Ɗan Kurmi in sara biyu ne ai doki biyu za mu gani ko? Gangar daga ina ta fito?

Ɗan Kurmi: Hajiya kin kama ni 😂 wallahi gaskiyarki. To a jira Baba Injiniya, shi ya zauna da mutanen.

Baba Injiniya: Salamu alaikum. Yanzu na idar da sallah na ga ana kirana. Ɗana na Kazan, kafin in ce komai, ka samu sikelin masu gwal ko na ɗakin gwaje-gwajenku ka auna shi, sannan ka sa ruler ka faɗa min faɗinsa. Kuma ka kashe fitilar ɗaki, ka kwantar da tocilar waya a gefe ta yadda hasken zai yi rarrafe a kan fuskar kwabon, kana juya shi a hankali. Haruffan nan da ka ce, ka gaya min ko suna karantuwa daidai ko a juye suke kamar a madubi.

Ɗalibin Kazan: To Baba. Na auna, giram 19.4 ne. Haruffan kuma daidai suke karantuwa in na karkata kwabon, na ga Ч da Е da Т a jere, sauran sun nutse.

Baba Injiniya: Alhamdulillahi. To ba a cuce ka ba. Abin da ke hannunka su Rashawa suna ce masa perechekan, mu sai mu ce bugu kan bugu. Wato ba sabon falle aka yanka aka buga ba, tsohon kwabo aka ɗauko aka sa a ƙarƙashin sabon hatimi aka danne. ЧЕТ ɗin nan farkon kalmar huɗu ce a harshensu, ka fi ni sani tunda kai yanzu kake ciki. Na ƙasan kobek 4 ne na 1762, na sarki Bitrus na uku, wanda masu tara kuɗi suke kira mai ganga saboda a bayansa an zana kayan yaƙi, tutoci da ganga a tsakiya. Tauraro huɗu ne a kansa, ɗaya ya mutu a ƙarƙashin sabon bugun shi ya sa kake ganin uku.

Dalilin da ya sa na tambaye ka madubi, abubuwa uku ne mutane ke rikitawa. Akwai sara biyu da Ɗan Kurmi ya faɗa, shi hoton kwabon ne da kansa yake maimaituwa a goce. Akwai kuma inda hatimin sama da na ƙasa suka gwabza babu falle a tsakani, sai kowanne ya bar tabo a jikin ɗan'uwansa, duk kwabon da aka buga bayan nan zai fito da inuwar ɗaya gefen a juye. Shi kuwa bugu kan bugu, hoton wani kwabo ne daban, yana karantuwa daidai, a baje kamar an taka shi, kuma ta kowace kusurwa zai iya zuwa don ma'aikaci ba ya tsayawa saiti, jefawa kawai yake.

Baban Walid: Baba na janye maganar jabu, amma tauraro uku ba zai yiwu kobek 3 ba ne? Me ya sa dole sai huɗu

Baba Injiniya: Babu kobek 3 a jerin 1762. Goma ne, huɗu, biyu, ɗaya, sai denga wato rabin kobek. Kuma nauyi ya raba gardama, mai biyu na wannan jerin giram goma da ɗan abu ne, ba zai kai 19 ba.

Maman Iklima: To ni abin da ya ɗaure min kai, yaya za a ɗauki kuɗi mai huɗu a mayar da shi biyu? Wa zai yarda a yi masa haka

Na Maraɗi: Hajiya ai ba tambayarki za a yi ba 😅 Bari in ɗan sa baki Baba ya gyara min. Su a lokacin lissafin kuɗin jan ƙarfe da wani ma'auni suke yi mai suna pud, kilo 16.38 ne. Gwamnati ce za ta ce daga pud ɗaya rubul kaza za a buga. Lokacin sarauniya Elizabet daga 1757 rubul 16 ne. Yaƙin shekara bakwai ya cinye baitulmali, sai aka bi shawarar Shuvalov, wani babba a fada, cewa a ninka ya koma rubul 32. Bitrus na uku na hawa a farkon 1762 aka fara, mai biyar ya zama goma, mai biyu ya zama huɗu, ba a ƙara ko ƙwayar ƙarfe ba, hatimi kawai aka canza. Wata shida ya yi matarsa Katarina ta kifar da shi, ita kuma ta ce a mayar da komai yadda yake, daga 1763 aka bi su ana sake dannewa. Shi ne na ɗalibinmu.

Baba Injiniya: Ba gyara, sai ƙari. Kuma ƙarin nan shi ne abin da ya sa ni na kamu da son waɗannan kwabbai tun ina ɗalibi a can zamanin Tarayyar Sobiyet. Ku ɗauki kalkuleta. A 1723 Bitrus na farko ya fito da kobek 5 mai gicciye, a kan rubul 40 duk pud. Rubul 40 kobek 4000 ne, raba biyar, 800. Wato kwabo 800 a pud, kowanne giram 20.48. Kuɗin ya yi sauƙi da yawa a kan darajar da aka rubuta masa, masu jabu na ciki da na waje suka yi ta bugawa, sai Elizabet ta riƙa rage shi, 1744 ya koma huɗu, 1745 uku, 1746 biyu. A 1755 aka tattara su aka danne suka zama kobek 1 mai mikiya a cikin gajimare, rubul 8 a pud, kobek 800 kenan, guda 800 dai. 1757 aka koma rubul 16, aka danne shi ya zama kobek 2, 1600 raba biyu, 800. 1762 rubul 32, kobek 4, 3200 raba huɗu, 800. 1763 ya dawo biyu. Kun gani? falle ɗaya ne bai taɓa canza nauyi ba a shekara arba'in, sunansa kawai ake canzawa, biyar huɗu uku biyu ɗaya biyu huɗu biyu. Da gangan suke zaɓar lissafin da zai faɗa kan nauyin tsohon don kar su sha wahalar narkawa da murzawa da yankawa.

Ɗan Kurmi: Ikon Allah. Wato kamar rigar gado, kowane sarki ya zo sai ya sake mata aiki a wuya.

Baban Walid: Amma Baba ka ce 20.48 shi kuma nasa 19.4, ina giram ɗaya ya tafi? ni fa har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba

Baba Injiniya: Shekara 260 da ɗoriya yana yawo ɗana, ko kai ne ai ka rame. Ban da haka su ba ɗaya-ɗaya suke aunawa ba, a tare ake aunawa, in jimla ta yi daidai shikenan, shi ya sa za ka samu wani ya haura wani ya gaza da giram ɗaya ko biyu. Da ya ce min 14 ko 27 da na tsaya.

Ɗalibin Kazan: Baba wallahi tun ɗazu nake juya shi, yanzu kuma kamar ina ganin gicciyen nan da ka faɗa, akwai wani layi miƙaƙƙe da ya ratsa bayan dokin, kuma can wajen baki akwai wasu lanƙwashe-lanƙwashe kamar gajimare. Kenan nawa ya bi duka matakan??

Baba Injiniya: Yi a hankali. Wannan ita ce cutar da ke kama duk wanda ya fara, da zarar an gaya maka abin da zai yiwu sai ido ya fara ƙirƙiro maka shi. Layi miƙaƙƙe zai iya zama sandar tuta ta mai ganga, zai iya zama mashin mahayin da ke ƙasa, don shi ma kobek 4 ɗin yana da nasa doki da mashi, haka na Elizabet na 1757. Doki uku kenan a kan juna in an yi rashin sa'a. Lanƙwasa kuma ganyen da ke zagaye harafin sarauniya ma lanƙwasa ne. Ni ƙa'idata ba na yarda da hoton ƙasa sai na ga abin da babu shi a kowane kwabo sai wannan. Mai ganga, taurari da gangar da kalmar huɗu. Mai gicciye, layi biyu ne a jere ba ɗaya ba, da haruffa a tsakaninsu, a ɗaya gefen kuma ƙaramar mikiya a cikin da'ira da ɗigo biyar manya a kewaye. In ka nuna min ɗigo ko biyu a kan da'ira ɗaya to mu yi magana. Mai gajimare kuma fiffiken mikiya za ka nema, gashinsa yana fita jere-jere.

Na Maraɗi: Dabarar da nake yi ni, in ɗauki hoton nawa, in samo hoton wanda nake zargi mai kyau a intanet, in ɗora shi a kai a waya in rage masa kauri ya zama shara-shara, sai in ta juyawa har tauraro ya hau tauraro. In biyu suka hau na uku ya ƙi to ƙarya ido yake. Sai dai a tuna wanda aka danne yana bajewa ya fi na asali faɗi, dole ka ɗan buɗa hoton.

Ɗan Kurmi: Ni da zai ji tawa ya samu lemon tsami da toka ya ɗan goge shi, komai zai fito fes

Baba Injiniya: Ɗan Kurmi kar ka sa in yi fushi da daren nan. Wannan ba tukunyar Bida ba ce da za a kai wa bature. Baƙin nan da ya hau kansa shi ne yake riƙe inuwar hoton ƙasa, abin da ya rage na tsohon bugun bai kai kaurin gashi ba, kana gogewa ya tafi har abada, kuma masu saye suna ganin jan kwabo mai ƙyalli suke ajiye shi. Ni na taɓa yi, wani kobek 5 babba na sa masa man goge ƙarfe ina saurayi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ɗana ko ruwa kar ka sa masa, riƙe shi ma ta baki.

Ɗan Kurmi: Tuba nake Baba 🙏 mu a kasuwa abin da ya yi ƙyalli shi ke tafiya

Maman Iklima: To yanzu dai tsada gare shi ko a'a, ku faɗa wa yaro ya san matsayinsa

Na Maraɗi: Hajiya ba na sayen fili ba ne. An buga su da yawa sosai, kusan duk mai biyu na Mosko da Fitasbag (St. Petersburg) na waɗannan shekarun bugu kan bugu ne. Abin da ke ɗaga shi shi ne yadda na ƙasan ya fito, in shekarar 1762 ta karantu ɓaro-ɓaro akwai masu nema. Amma akwai masu ganin duk wannan ƙazanta ce su sun fi son mai tsabta, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Baban Walid: Ni kam ina cikin masu son mai tsabta gaskiya. Ka sayi abu hoto a dagule, ba ka ga doki sosai ba ba ka ga ganga sosai ba, me ka saya kenan

Baba Injiniya: Ka sayi shaida. Mai tsabta abin da gwamnati take so ka gani kawai yake nuna maka. Bari in ba ka misali da azurfa. Akwai jariri Ivan na shida da aka naɗa sarki a 1740 yana ɗan wata biyu, Elizabet ta ture shi a ƙarshen 1741, aka kulle shi har aka kashe shi a kurkukun Shlisselburg a 1764. Elizabet ta sa a tattaro duk rubul mai hotonsa, daga baya ma riƙe shi ya zama laifi, aka narka wasu aka danne wasu da hotonta. To yau akwai rubul ɗin Elizabet da in ka karkata shi za ka ga guntun sunan yaron yana leƙowa a gefen rubutunta. An so a shafe shi ƙarfe ya ƙi. Ni wannan ya fi min mai ƙyalli sau goma, amma ra'ayina ne, kuɗinka ne.

Baban Walid: Wannan kam ya taɓa ni. Amma dai a jan ƙarfe ina nan kan bakana 😄

Na Maraɗi: Baba ba ka faɗi na 1796 ba, wanda ya fi rikita mutane

Baba Injiniya: Ina zuwa, shayi nake. To a shekarar ƙarshe ta Katarina an sake komawa gidan jiya, Zubov, wani na hannun damanta a fada, ya kawo shawara a ninka zuwa rubul 32, aka fara danne manyan kobek 5 masu giram 51 suna zama 10 da sabon zane mai harafinta. Ta rasu a Nuwamba 1796 kafin a sake su sosai cikin jama'a, ɗanta Paul ya soke, a 1797 ya sa aka mayar da su biyar. Amma da wane hatimi? da irin na uwarsa, mai tsohuwar shekara. Shi ya sa za ka ga kobek 5 an rubuta 1793 ЕМ (alamar gidan buga kuɗi na Yekaterinburg) alhali a ƙarƙashinsa ana hango 1796. Wanda bai sani ba zai rantse jabu ne, ta yaya shekarar na ƙasa za ta zo bayan ta na sama. To a 1797 aka buga shi, shekarar da ke fuskarsa ba ta buga shi ba ce.

Ɗan Kurmi: Kai wannan ai labarin liyari ne! Azurfar nan mai hoton Mariya Tireza da kakanninmu suka yi ciniki da ita har mata suna sa wa a sarƙa, kowacce ka ɗauka 1780 ce a jiki alhali an yi ta buga ta shekaru aru-aru bayan nan. Kullum sai wani ya zo shago da ita yana cewa ta shekara ɗari biyu da arba'in ce in ba shi miliyan

Baba Injiniya: Daidai, shekarar da ke jikin kuɗi da'awa ce, sai an bincika. Bambancin kawai ita liyari sabon falle ake yi mata. Af na manta, ba nasu kawai suke dannewa ba, akwai kobek 1 na wajen 1757 zuwa 1759 da aka buga a kan kwabon Suwidin mai suna ore, a nan kibau biyu a gicciye za ka nema. Tun 1654 ma rubul ɗinsu na farko a kan tsabar azurfar Turai mai suna tala aka buga shi.

Ɗana na Kazan, saura abu ɗaya da ba ka duba ba kuma shi kowa ke mantawa, bakin kwabon. Hatimi sama da ƙasa yake dannewa, baki wani inji ne daban yake yi masa ado, sau da yawa ba sa damuwa su sake shi, ko su sake amma tsohon ya ƙi mutuwa. Duba ka gani raga ce kamar ta kamun kifi ko akwai rubutu.

Ɗalibin Kazan: Baba raga ce, amma tsaya. A wani waje ragar ta yi sama-sama kuma akwai haruffa a ƙasanta, na ga Б У Р Х sai kuma can gaba Д В. Hannuna har rawa yake wallahi

Baba Injiniya: To ka ga abin da ake kira shaida, ba gajimaren da kake hangowa ɗazu ba. Wannan guntun sunan gidan buga kuɗi na Yekaterinburg ne da tsohon rubutunsu, can tsaunukan Ural inda ake haƙo jan ƙarfen. Fuska ta ce Mosko, wato ММ ɗin nan da ke ƙarƙashin doki, baki ya ce Yekaterinburg. Ka rubuta a takardarsa: kobek 2 na 1763 ММ, a kan kobek 4 na 1762, da ragowar rubutun Yekaterinburg a baki. Iya nan muka tabbatar, kar ka ƙara gicciye a ciki.

Maman Iklima: Ma sha Allah, yaro ya je sayen kwabo ɗaya ya dawo da uku. In za ka dawo hutu ka taho mana da shi mu gani da ido

Na Maraɗi: Hajiya kar ki sa shi a uku, fitar da tsohon abu irin wannan daga Rasha sai da takardar izini, in suka gani a jaka a filin jirgi ba za su saurari labarin ganga ba. Ya fara tambaya tukuna.

Ɗalibin Kazan: Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara lafiya, na gode kowa. Dattijon nan yana da wasu manya masu biyar guda shida ko bakwai a cikin gwangwani, ɗaya na lura ya fi sauran faɗi kuma ya fi su sirantaka, ban kula shi ba lokacin don na ga fuskarsa a dagule. Lahadi da sassafe zan koma da tocila.

Baba Injiniya: Mai faɗin nan shi za ka fara ɗauka, amma kar ka nuna masa kana so. Ka ƙirga taurari a gefen mikiya, in kuma 1793 ne ka nemi 1796 a ƙasa. Ka turo hoton baki kafin ka biya.

Baban Walid: In akwai mai tsabta a gwangwanin a tambayo min kuɗinsa